Haɗi Goma Sha Ɗaya a Cikin Silin

Ku da kuke zuwa shagona da sabuwar testar gwada wuta a aljihun riga, kuna cewa kun ga yadda ake wayarin a wayar hannu, saura kawai in tura ku aiki, ku zauna ku karanta wannan. Sunana Lawal. A Daura aka haife ni, kuma na haura shekara talatin ina aikin wutar lantarki a cikin gari da ƙauyukan da ke kewaye. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, saboda haka kada ku nemi ado a rubutuna. Zan bi abin daki-daki, yadda nake bin waya daga mita har zuwa ƙwan lantarki na ƙarshe. Akwai wani wuri a ciki da ban taɓa iya faɗa muku baki da baki ba, shi ya sa na rubuta.

Aikin farko da maigidana, marigayi Malam Habu, ya ba ni shi ne feren bakin waya. Wata uku ban yi komai ba sai wannan da ɗaukar tsani. Zai miƙo mini guntayen waya da ƙaramar wuƙa, in cire robar ba tare da na ji wa jan ƙarfen ciki ciwo ba. In na gama sai ya ɗaga ta wajen rana ya ƙanƙance ido. Zare ɗaya ya samu a yanke, sai ya jefar da ita ya ce, "Sake." Wata rana na ce masa, "Maigida, ai zare ɗaya ne cikin bakwai." Ya ce, "To, ranar da ka gina ɗakinka, ka zare azara ɗaya cikin bakwai ka kwanta a ƙarƙashi." Ban sake yi masa gardama a kan zare ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma shi ne abin da yake yaudararku. Filaya, sukudireba babba da ƙarama, testa, guduma da cizal na fasa bango, salatif, sai tsani. In ka cire tsanin, jaka ɗaya ta ɗauke su. Amma testar ma ba a yarda da ita sai an gwada ta a soket ɗin da aka tabbata yana da wuta, domin testa takan mutu ba ta sanar da mai ita ba. Salatif kuwa, ku riƙe wannan da kyau, aikinsa rufewa ne, ba riƙewa ba. Riga ce, ba igiya ba.

Malam Habu yana da doka uku. Bai taɓa rubuta su ba, a jikinmu ya rubuta su.

Ta farko: ka kashe wuta da hannunka, ka zare fiyus, ka sa shi a aljihunka. A Sandamu na koyi dalilinta, a gidan wani malamin makaranta. Na zare fiyus ɗin amma na ɗora shi a kan akwatin mita. Mahaifiyar mai gidan ta fito, zafi ya ishe ta, ta ga abin a ajiye, ta zaci faɗowa ya yi, ta mayar da shi don fankarta ta tashi. Ina kan tsani riƙe da jar waya, mai ɗauko wuta. Ban san lokacin da na sauko ba, na dai tsinci kaina a kan buhun gero. Tsohuwar ta leƙo ta ce, "Sannu ɗan nan. Ashe abin naku yana harbi kamar jaki?" Malam Habu bai yi mata faɗa ba. Ni ya tambaya, "Rigarka ba ta da aljihu ne?"

Ta biyu: duk inda waya biyu suka haɗu, a cikin akwatin haɗi za su haɗu, a ɗaure su da ƙusa mai murɗi har sai ka ja ba su motsa ba, sannan a rufe akwatin. Dalili shi ne wuta ba ta son giɓi. In haɗi ya yi sako-sako sai ta riƙa tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan. Tsallen nan shi yake zama zafi, zafin ya narka salatif, daga nan ya kama katako. Ba rana ɗaya abin yake faruwa ba. Yakan ɗauki wata da watanni, a wurin da ba mai gani, ƙwai kuma yana ci gaba da haskawa kamar ba komai.

Ta uku ita ce wadda ban ga wani mai wayarin yana yi ba in ba shi ba: kafinta ba ya buga silin sai wanda ya ba da aikin ya hau tsani ya ga haɗin da idonsa. Ko ya san aikin, ko bai sani ba. Na tuna wani Alhaji mai sayar da hatsi da muka yi wa gida a cikin gari, ya tsaya yana cewa, "Habu, da wannan tumbin za ka ɗora ni a tsani? So kake ka raba ni da iyalina?" Malam Habu ya ce, "Ko taki uku ka hau, Alhaji, ka leƙa." Ya hau yana haki, ya leƙa, ya sauko ya ce shi bai ga komai ba sai igiyoyi. A hanya na tambayi maigida amfanin hakan, tunda mutumin bai san ja daga baƙi ba. Ya ce, "Ba don shi ba ne. Don kai ne. Hannun da ya san za a duba shi daban yake aiki."

Da waɗannan uku na yi shekara bakwai a hannunsa, ya yaye ni, na buɗe shagona. Na yi gidaje, na yi masallatai, na yi injinan niƙa har garin Babban Mutum. Mutane suka riƙa cewa yaron Habu ba ya ha'inci. Sunan maigidana nake ci, kuma na san haka.

Yanzu sai aikin da ya sa na ɗauki biro.

Wata shekara bayan an gama girbi, wani tsoho ya zo shagona yana dogara sanda. Sunansa Baba Ishaya. Bahaushe ne Kirista daga kudancin Katsina, ya yi aikin asibiti a ƙasar Daura har ya yi ritaya ya zauna. Shi ne yake jagorantar 'yan Kiristocin da ke wani gari a kan hanyar Baure: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu shaguna, da matansu da 'ya'yansu. Duka-duka ba su kai hamsin ba. Sun gina ɗakin ibada na bulo da rufin kwano a bakin gari, tagoginsa ƙanana ne kuma a sama suke, ko da rana cikinsa da duhu. Suna son ƙwai shida, fanka huɗu, soket biyu, da wurin juya wuta zuwa ƙaramin janareta.

Ya ce, "Malam Lawal, an ce mini in ina son aikin da zan yi barci a kansa, in nemi yaron Habu."

Na ce, "Allah ya sa mu cika, Baba."

Hanya biyu ce ta mutunci a gabana. Ta ɗaya, in ce masa ba zan iya ba, ya nemi wani. Ta biyu, in karɓa in yi shi yadda aka koya mini. Na karɓa, na rubuta masa kayan da za a saya, muka sa rana. Aikin kwana huɗu ne.

Ranar farko na yi bango: na fasa, na sa bututu, na zura waya, na dasa makunnai. Wannan ɓangaren ko yau aka tone shi ba zan ji kunya ba. Na jingine babur ɗina a bakin titi na manta da shi. Ashe Sabi'u direba, abokin zamanmu a majalisa, wanda yake jigilar fasinja tsakanin Daura da Baure, ya wuce sau biyu ya gan shi. Da na dawo bayan la'asar, tun kafin in zauna a benci ya tashi ya share mini wuri da hularsa.

"Ku matsa wa Fasto! Fasto Lawal, barka da sauka. Yaushe ne za a tsoma ka a ruwa mu zo kallo?"

Aka fashe da dariya. Wani ya ce daga yau sai a riƙa nemana ranar Lahadi da sassafe. Wani ya ce shi dai yana da ja a kan ko aikin ya halatta ma. Malam Idi tela, wanda ya girme mu duka, ya ce, "Ku bar mutum ya sha iska. Habu ya yi wa kowa aiki a ƙasar nan, ba wanda ya taɓa ganin ya rasa sahun sallah. Kai Sabi'u, in Baba Ishaya ya tare motarka, ba ka ɗaukarsa?"

Sabi'u ya ce, "Ina ɗaukarsa mana, amma ba na kwana huɗu a gidansa."

Na rubuta wannan ne don ku san ba wanda ya yi mini barazana. Ba malamin da ya kira ni, ba mai aikin da ya janye. Zolayar majalisa ce, wadda in da na yi dariya da ta mutu kafin magariba. Ban yi dariyar ba. Na kwana da niyyar gama aikin kwana huɗu a kwana biyu.

Rana ta biyu na tura babur bayan ginin, na hau sama. Ina cikin jan waya a kan katakon rufi na ga akwatunan haɗi sun ƙare. Kuskurena ne, ni na rubuta lissafin kayan, na rage. A garin babu mai sayar da su. Sai an koma Daura, a dawo gobe, a ƙara jibi. Kafinta kuma ya riga ya iso da kwalayen silin yana zaune a inuwa yana jirana. Na tsaya a kan tsani na ɗan lokaci, sannan na ɗauki filaya. Na fere baki biyu, na murɗe su, na naɗe da salatif. Na matsa gaba na sake. Haɗi goma sha ɗaya na yi haka, na tura kowanne bayan katako. Huɗu daga ciki sun taru a wuri guda, a gaba, inda layin fankoki ya rabu.

Saura doka ta uku. Ban tsallake ta kai tsaye ba, dabara na yi mata, kuma wannan ya fi muni. Baba Ishaya yana zaune a gindin darbejiya ya miƙe ƙafarsa mai ciwon gwiwa. Na je na ce, "Baba, a ƙa'idarmu mai aiki yakan hau ya duba kafin a rufe. Amma da wannan gwiwar taka, ga tsanin nan yana rawa..."

Ya ce, "Ɗana, ni me na sani a waya? Na yarda da kai. Rufe abinka."

A lokacin wata mata daga cikinsu, Malama Saratu, wadda take koyarwa a firamaren garin, ta kawo mana zoɓo mai sanyi a jug. Ta ji maganar, ta yi dariya ta ce, "Ni gwiwata lafiya lau, Malam. In hau a madadin Baba?"

Na ce, "A'a, Malama, sama akwai zafi, ga yanar gizo. Za ki ɓata kayanki a banza."

Na sha zoɓonta kofi biyu. Kafinta ya buga silin. Na gwada wuta, komai ya kama.

Ranar Lahadi suka sa za su fara amfani da wutar, kuma Baba Ishaya ya roƙe ni in zo da safe in nuna wa wani yadda ake juyawa zuwa janareta. Na je da niyyar in nuna in tafi. Amma janaretan yana bayan taga, kuma sai da na jira na ji ya daidaita, don haka na ji abin da aka faɗa a ciki. Ni Musulmi ne, ban je sauraron wa'azi ba. Kunne dai ba shi da murfi.

Sun shiga sun zauna a cikin duhun, ba a kunna komai ba. Manya a kan benci, yara a kan tabarmi a gaba. Na leƙa ta ƙofa na ga inda aka shimfiɗa tabarmin: daidai ƙarƙashin haɗin nan huɗu. Baba Ishaya ya miƙe da sandarsa ya fara magana da Hausa. Ya ce a littafinsu, kafin rana, kafin wata, kafin mutum, abin da Allah ya fara kira ya kasance shi ne haske. Ya ce Yesu, wato wanda mu muke kira Annabi Isa, alaihissalam, an kwatanta shi a wurinsu da haske mai shigowa duniya, kuma maganar Allah an kwatanta ta da fitilar da mutum yake haska gabansa da ita don kada ya taka abin da zai cuce shi. Ya ce, "Me ya sa haske? Me ya sa ba a ce zinariya ba, ko doki? Don haske ba ya ƙara komai a ɗaki, ba ya rage komai. Abin da yake nan shi yake nunawa. Ka share, ya nuna. Ba ka share ba, ya nuna. Haka gaskiyar Allah take."

Sai ya danna makunni. Ƙwai shida suka kama, fankoki suka fara juyawa, yara suka yi sowa, mata suka rangaɗa guɗa. Ya jira suka lafa.

Ya ce, "Akwai kuma inda aka gaya mana cewa mai mugun aiki ba ya son haske, yakan guje shi don kada a ga abin da ya yi. Mai gaskiya kuwa da ƙafarsa yake zuwa wurin haske, don ba shi da abin ɓoyewa." Ya juyo ya hango ni a bakin ƙofa, ya nuna ni da sanda. "Ga Malam Lawal can. Ba addininmu ɗaya ba. Amma da ya gama, shi da kansa ya zo ya ce mini in hau in duba aikinsa. Wa ya taɓa yi muku haka? Ku yara, ku dube shi da kyau. Irin wannan ake nufi."

Duka suka waiwayo. Wasu suka tafa. Na ɗaga hannu na amsa, na hau babur na tafi.

Wata biyar na yi ban koma ba. Zan jera muku yadda na yi su, don ku gane muryar uzuri in ta zo muku. Wata na farko na ce lokacin sanyi ne, ba sa kunna fanka, ƙwai kaɗai ba ya jan wutar da za ta ɗumama haɗi. Gaskiya ne. Wata na biyu na ce ai sau ɗaya ko biyu suke taruwa a mako. Shi ma gaskiya ne. Na uku na ce na murɗe su da ƙarfi, hannuna ba na koyo ba ne. Na huɗu na ce zan je da wani dalili, in ce ina son ƙara soket, in gyara a ɓoye, amma hakan yana bukatar ɓalle silin, kuma ba a ɓalle silin don soket. Na biyar bazara ta shigo sosai. Na san yadda cikin rufin kwano yake a bazarar Daura, na sha shiga, ƙarfe ma ba ya taɓuwa. Na san fanka huɗu suna juyawa tun safe har azahar. A watan nan sau biyu aiki ya kai ni Baure, sau biyun na wuce ginin ban rage gudu ba.

Abin da ya tsayar da ni gobara ce a shagon Malam Idi tela. Shagon haya ne, ba ni na yi wayarinsa ba. Da tsakar rana hayaƙi ya fara fitowa daga silin, kafin a kashe ta cinye rabin rufin da ɗinkunan mutane. Ba wanda ya ji ciwo. Washegari ya kira ni in duba. Na hau, ban daɗe ina nema ba na same shi: waya biyu a murɗe, salatif ya narke ya zama kamar kwalta, jan ƙarfen ya yi baƙi. Na sauko da shi a hannuna, ga mutane sun taru, har da Sabi'u. Na ɗaga shi na ce, "Wanda ya yi wannan ba ya tsoron Allah. Wannan ba kuskure ba ne, ya san abin da yake yi. Da da mutum a ciki, da kisa ya yi."

Da ƙarfi na faɗa, kuma da gaske nake. Sai da na rufe baki na ji abin da na ce. Malam Idi ya dafa kafaɗata ya ce, "Shi ya sa na ce a kira ka, Lawal. Yaron Habu ba zai yi wannan ba."

Washegari da safe na sayi akwatunan haɗi, na ɗaure tsani a babur, na kama hanyar Baure. Na sami Baba Ishaya a gida, na ce ya zo da mabuɗi. Ban yi masa bayani a hanya ba. Da muka shiga na zare fiyus na sa a aljihu, na hau na ɓalle kwalin silin na gaba. Wari ne ya fara fitowa. Daga cikin haɗin nan huɗu, biyu salatif ɗinsu ya saki ya zame. Na uku ya riga ya fara aikinsa: katakon da na ɓoye shi a bayansa ya ƙone kamar faɗin tafin hannu, na sa yatsa ya marmashe ya zama gawayi. Na yanko haɗin, na sauko, na miƙa masa tare da gawayin. Na gaya masa komai a jere: majalisa, akwatunan da suka ƙare, maganar gwiwarsa, wata biyar.

Ya daɗe yana juya abin a hannunsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ramin, ya sauke ya dubi ƙasa inda ake shimfiɗa tabarmi. Ya ce, "Nawa ne irinsa?"

"Goma sha ɗaya."

"To, gyara."

Na ce, "Baba, ka yabe ni a gaban mutanenka. Ina roƙon ka gaya musu gaskiya."

Ya ce, "Yabon nawa ne, na yabi abin da ban gani ba, ni zan janye shi da bakina. Aikin kuma naka ne. In za ka faɗa, ka zo Lahadi ka faɗa. In ba za ka iya ba, ba zan aika a kamo ka ba."

Kwana uku na yi ina gyara. Na ɓalle silin gaba ɗaya, na canja duk wayar da zafi ya taɓa, na sa kowane haɗi a akwatinsa, kafinta ya canja katakon da ya ƙone. Na ce kada a rufe sai bayan Lahadi. Ranar na jira a waje har suka gama ibadarsu, sannan Baba Ishaya ya kira ni na shiga na tsaya a gaba. Rufin a buɗe yake a kanmu, ana ganin kwano. Na ce, "Na farko, na yi muku aikin da na san zai iya kama wuta. Na biyu, na hana a duba. Na uku, na san da haka wata biyar ban zo ba. Ba wanda ya sa ni. Ina neman afuwarku." Na nuna musu gawayin.

Wani dattijo ya ce a hankali, "Allah ya kiyaye gaba." Sai Malama Saratu ta miƙe. 'Ya'yanta uku suna kan tabarmar, ƙaramar ba ta wuce shekara huɗu ba.

Ta ce, "Malam Lawal, ranar da aka kunna wutar nan kana tsaye a ƙofa. Ka ga inda yaran suke zaune?"

Na ce, "Na gani."

"Ka san abin yana kansu?"

"Na sani."

"Ka tafi gida ka ci tuwo."

Na ce, "Haka ne."

Baba Ishaya ya ce, "Saratu, zauna. Mutumin nan ba kama shi aka yi ba. Da ƙafarsa ya zo wurin haske."

Ta ce, "Ya zo, Baba, ban ce bai zo ba. Amma wata biyar ɗin da ya yi yana shawara, 'ya'yana ne a ƙarƙashin duhun nasa. Ni na yafe, don an umarce ni in yafe. Kada dai a sake nuna wa 'ya'yana shi a ce ga misali."

Ta ɗaura zanenta da kyau, ta hau tsanin, ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ta sa na buɗe mata kowanne ta ja wayar da hannunta. Da ta gama ta sauko ta kama hannun 'ya'yanta suka fita.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a aikina. Magana ba ta zama a gari ɗaya. Kafin mako ya zagayo ta iso Daura, kuma ba a ce Lawal ya je ya gyara ba, cewa aka yi Lawal ya kusa ƙona yara. Ba ƙarya a ciki. Wani ɗan kwangila da ya yi mini alkawarin gidaje huɗu ya ba wani. Waɗanda na yi wa aiki a baya suka riƙa kirana in zo in buɗe silin su gani, na je duka, na buɗe, ba a sami komai ba, amma ba wanda ya ba ni sabon aiki. Na koma gyaran dutsen guga da tocila da fankar tebur a ƙofar shago. Sabi'u bai sake ce mini Fasto ba, bai sake zolayata da komai ba, kuma na fi son zolayar. Malam Idi ya ba wani gyaran shagonsa. Da muka haɗu a masallaci ya ce, "Gara da Habu bai ga wannan ba."

Mutumin da ya fara kawo mini aikin wayarin bayan nan Baba Ishaya ne, ɗaki biyu na gidansa. Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a gindin tsani tun daga fari har ƙarshe, kowane akwati sai na sauko da shi ya gani kafin in ɗaura. Daga nan aiki ya riƙa dawowa da kaɗan-kaɗan. Ya ɗauki shekaru. Na wasu gidajen har yau bai dawo ba.

Baba Ishaya ya rasu, an kai shi garinsu. Malama Saratu tana nan, ta zama shugabar makarantarsu, ƙaramar 'yar tata tana karatun aikin jinya. In muka haɗu a kasuwar Daura na gaishe ta, takan amsa da mutunci, ta tambayi iyali. Shekara uku da suka wuce ita da mijinta suka gina gida. A lokacin kowa a yankin ya san babu mai wayarin da ya kai ni tsanani. Daga Katsina ta ɗauko mai yi mata aikin, ta biya masa mota zuwa da komawa.

Ta yi daidai.